Ciwo da lanƙwasar gaba: matakan da namiji zai bi daga gida zuwa asibiti a Kumasi

Akwai ciwon da namiji yake faɗa a majalisa, akwai wanda ko matarsa ba ta ji daga bakinsa. Ciwon gaba yana cikin na biyu. A zangunanmu na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, Sabon Zango har Tafo, magidanci zai fara jin zafi duk sa'ad da gabansa ya miƙe, bayan 'yan watanni ya ga ya soma karkacewa, sai ya yi gum. In ma ya motsa, wajen mai maganin ƙarfin maza a Kejetia zai nufa, ko ya shiga zargin an yi masa jifa. Kafin ya kai kansa gaban likita shekara ta zagayo, kuɗi sun tafi, zaman gida ya yi tsami. Abin yana damuna, domin galibin waɗannan cututtuka sanannu ne, kuma suna da magani. Mafi yawan ɓarnar daga jinkiri take zuwa, da kuma abin da mutum ya yi wa kansa a cikin duhu.

Da farko, ka tabbata ba na gaggawa ba ne

Abu uku ne ba a kwana da su a gida.

Na ɗaya, karayar gaba. Azzakari ba shi da ƙashi, amma yana da wata riga mai tauri a ƙarƙashin fata wadda take riƙe jini lokacin miƙewa. Idan ya tanƙware da ƙarfi ana cikin saduwa, rigar tana iya yagewa. Mutum zai ji ƙara, ƙas, miƙewar ta faɗi nan take, wurin ya kumbura ya yi baƙi. Wani lokaci har jini ya biyo ta hanyar fitsari. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a kai wa maɗori. A tafi sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ya sani da Gee, a daren ko da ƙarfe nawa ne. Idan aka ɗinke yagewar cikin awa 24, galibi komai yana dawowa daidai. Idan aka bari ta warke da kanta, tabo ne zai maye wurin, ga lanƙwasa, ga raunin miƙewa.

Na biyu, miƙewar da ta ƙi kwanciya. Idan gaba ya sandare da zafi har awa 4, jini ne ya maƙale a ciki, babu sabon da ke shiga. Naman ciki yana fara lalacewa, kuma in aka haura kwana ɗaya da rabi da wuya miƙewa ta sake dawowa yadda take. A asibiti da allura ake zuƙe jinin da ya maƙale, a zuba maganin da zai tsuke jijiyoyin. A nan Ghana babban mai jawo wannan shi ne sikila, domin kusan jarirai 2 cikin 100 da ita ake haihuwarsu, shi ya sa ma tun 1995 aka fara gwajin jarirai a Kumasi. Iyayen yaro mai sikila, ku tambaye shi da kanku. Yaro ɗan shekara 14 ba zai zo ya ce "Baba, abin nan yana tashina da asuba da zafi" ba, sai an buɗe masa ƙofa. Irin gajerun nan da suke zuwa su wuce cikin awa ɗaya ko biyu gargaɗi ne, a faɗa wa likitan sikila tun kafin babbar ta zo. Haɗe-haɗen magungunan ƙarfin maza da wasu magungunan ƙwaƙwalwa su ma suna jawo ta.

Na uku, fitsari ya riƙe gaba ɗaya, mara ta cika tana ciwo. Shi ma asibiti ne nan take. In babu abin hawa, a kira 112.

Mataki na biyu: ka lura da inda yake ciwo, da lokacin da yake ciwo

Ba kowane zafin gaba ne tabo ba. Amsar waɗannan tambayoyi biyu ita take raba hanya.

Zafi lokacin fitsari, tare da mugunya ko ruwa mai yauƙi da ke ɓata wando, ciwon sanyi ne har sai gwaji ya ce ba shi ba ne. Ana warkewa sarai, da sharaɗin a yi gwaji, a sha magani har ƙarshe, a kuma yi wa iyali magani a lokaci guda. Mai mata biyu ko uku, duka za a yi wa. Abin da samari ke yi, su sayi kafso huɗu a kemis su haɗiye, mugunyar ta ɗauke su ce an gama, shi ne yake dawowa bayan shekaru a matsayin tabo a cikin hanyar fitsari. Alamarsa: fitsari ya sirance, ya rabu biyu ko ya riƙa fesawa, sai an yi nishi, a gama kuma a ji saura. Faɗuwa a kan ƙarfen keke ko babur da kuma daɗewa da robar fitsari su ma suna barin irin wannan tabo. Likitoci suna buɗa hanyar, ko su tsaga tabon ta ciki, ko in ya yi tsawo su yanke shi su gyara hanyar da tiyata.

Kan gaba ya yi ja, yana ƙaiƙayi, fata tana tsattsagewa: a auna suga. Sau da yawa ta nan ciwon suga yake fara nuna kansa. Gyambo ko tsiro da ya yi makonni bai warke ba, ko da ba ya zafi, dole likita ya gani da idonsa. Zafi a can bakin gaba bayan fitsari ko bayan fitar maniyyi, tare da nauyi tsakanin maraina da dubura, galibi daga furostet, wato ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ko daga mafitsarar kanta yake tasowa. Jini a ƙarshen fitsari ga wanda ya yi wanka a rafi ko a tafkin Volta, a yi gwajin tsargiya.

Amma idan zafin sai an miƙe yake zuwa, ka taɓa ka ji wani ƙulli mai tauri a ƙarƙashin fata, sannan siffar gaban ta fara sauyawa, to wannan ita ce cutar da likitoci ke kira Peyronie, kuma a kanta zan daɗe.

Mataki na uku: ka fahimci abin da ke faruwa a ciki

Sunan na wani likitan tiyata ne na Faransa, François de la Peyronie, likitan Sarki Louis na 15, wanda ya yi bayaninta a 1743. Ba sabuwar cuta ba ce, kuma ba ta da ƙaranci: bincike daban-daban ya same ta a jikin maza 3 zuwa 9 cikin 100, akasari masu shekara 40 zuwa 70, ko da yake matasa ma suna samu.

Rigar nan da na ambata kamar roba take, tana buɗewa idan jini ya cika. Ƙananan raunuka da take samu lokacin saduwa, waɗanda mutum bai ma san an yi ba, a jikin yawancin maza warkewa suke yi ba alama. A jikin wasu kuma sai wurin ya warke da tabo mai kauri. Ka tuna tiyub ɗin keke da mai faci ya manna wa faci mai kauri a gefe ɗaya: in aka hura iska ko'ina zai buɗe ban da wurin facin, sai tiyub ɗin ya karkata can. Haka gaba yake lanƙwasa zuwa ɓangaren da tabon yake. An fi ganin lanƙwasa zuwa sama, wajen ciki. Wani nasa gefe ne, wani ƙasa. Wani ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsuke a tsakiya, ko ya ga tsawon ya ragu.

Waɗanda suka fi haɗuwa da ita su ne masu ciwon suga, masu hawan jini, masu shan taba, wanda aka yi wa tiyatar furostet, da wanda miƙewarsa ta fara rauni, domin gaban da bai yi ƙarfi sosai ba shi ya fi saurin tanƙwarewa. Akwai kuma gado. Ka duba tafin hannunka: in akwai wata jijiya mai tauri da ke janyo ƙaramin yatsa ko na kusa da shi zuwa ciki, ka nuna wa likita, dangin juna ne.

Cutar Peyronie ba ciwon daji ba ce, ba ta komawa daji. Ba a ɗaukarta wajen mace, ba a kuma sa wa mace. Ba ta hana maniyyi yin ciki. Na nanata wannan ne saboda na san gidajen da aka ɗora wa amarya ko uwargida laifin abin da babu hannun kowa a ciki. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su.

Abu mafi muhimmanci shi ne cutar tana da zango biyu. A zangon farko, wanda yakan ɗauki wata 6 zuwa 18, tabon yana kan haɗuwa: akwai zafi, lanƙwasar tana sauyawa daga wata zuwa wata. A zango na biyu zafin ya tafi, lanƙwasar ta tsaya inda ta tsaya. Zafin kam, kusan mutum 9 cikin 10 yana barinsu da kansa. Lanƙwasar ce ba ta cika tafiya ba: kaɗan ne take miƙe musu da kanta, saura ko ta tsaya ko ta ƙaru. A nan masu tallar magani suke cin kasuwa. Mutum ya sha jiƙo wata shida, zafin da dama zai tafi ya tafi, sai ya ce jiƙon ne, ya ƙara sayen wani yana jiran miƙewar da ba za ta zo ba.

Wanda kuma tun balagarsa gabansa yake da ɗan karkata, ba ƙulli, ba zafi, ba ta ƙaruwa, halittarsa ce. In ba ta hana saduwa, babu abin gyarawa.

Mataki na huɗu: ka tara wa likita shaida

Likita ba zai ga miƙewarka a ɗakin duba marasa lafiya ba, don haka kai za ka kawo masa bayani.

Lokacin da gaba yake kwance, ka kama kansa ka ja shi gaba a hankali, ka bi jikinsa da babban yatsa da manuniya tun daga tushe har wuya, sama da gefe da gefe. Tabon yakan ji kamar wani faifai ko zare mai tauri da ba ya motsi tare da fata. Taɓawa kawai, ban da matsawa. Ka lura ko a tsakiya yake, ko kusa da kai, ko can tushe.

Sannan hoto. Idan ya miƙe sosai, ka ɗauka daga sama kana kallon ƙasa, ka ɗauka daga gefe, ba tare da fuska ba. Ka maimaita duk wata, a tsaye iri ɗaya, domin a ga ko lanƙwasar tana tafiya ko ta tsaya. Wayoyinmu kuwa kowa na ɗauka, yara suna wasa da su, don haka ka kulle hotunan da lambar sirri, kada ka tura wa kowa ta WhatsApp, ka nuna wa likita daga hannunka, ka goge in an gama.

Ka rubuta a takarda: watan da abin ya fara, ko akwai ranar da ka ji rauni, ko saduwa tana yiwuwa, ko iyali tana jin zafi, ko miƙewar asuba tana nan, da duk abin da kake sha. Duka, har da bitas, da jiƙo, da tramadol in akwai.

Mataki na biyar: asibiti

Ka fara da asibitin da ke kusa, Manhyia, Tafo, Suntreso ko na Atonsu, a auna jini da suga da fitsari, ka nemi takardar turawa zuwa sashen yuroloji na Komfo Anokye, wato wajen likitocin mafitsara da al'aurar maza. Wanda yake Accra, Korle Bu ko asibitin sojoji na 37. Ka duba katin inshorar lafiya tun kafin ranar, ana sabunta shi ta waya da *929#. Inshorar ba ta ɗaukar komai da komai, saboda haka duk abin da aka rubuta maka ka tambaya ko yana ciki. Wanda Turanci ko Twi bai zauna masa ba, ya tafi da aminin da ya yarda da shi, kada ya ɗauki ɗansa ya yi masa tafinta.

In ka shiga, kada ka tsaya kewaye-kewaye da "Dokta, jikina ne dai ba daɗi." Layi yana da tsawo, za a ba ka maganin zazzaɓi ka fito. Ka ce: "Dokta, gabana yana zafi in ya miƙe, kuma ya fara lanƙwasa, wata biyar ke nan." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malamai kuma sun yi bayani cewa buɗe al'aura ga likita saboda larura ya halatta. In ka fi sakewa da likita namiji, ka roƙa.

Zai taɓa ya nemo tabon, ya auna tsawo, ya duba hotunan. Akasari wannan ya isa a gane cutar. Idan ana maganar tiyata, ana iya yi maka wata ƙaramar allura a gefen gaba da za ta sa ya miƙe, a auna lanƙwasar da digiri, a yi sikanin a ga yadda jini ke shiga da ko tabon ya ƙanƙare. Kusurwar bango digiri 90 ce. Abin da bai kai 30 ba galibi ba ya hana saduwa.

Mataki na shida: abin yi a zangon farko

Ba a tiyata a wannan lokaci, domin abin da aka miƙe yau zai iya sake karkacewa. Aikin shi ne rage zafi, kare gaban daga sabon rauni, da kula da miƙewa.

Don zafi, likita yakan ba da ibuprofen ko diclofenac na ɗan lokaci. A sha bayan an ci abinci, in da azumi bayan buɗa-baki. Mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai hawan jini su faɗa tun da wuri a sauya musu.

Kada ka kama shi yana miƙe ka ce za ka tanƙwara shi ya koma daidai. Kada a tsaga, kada a yi ƙaho, kada a ɗaura masa nauyi, kada a bari wani ya yi maka allurar mai ko wani ruwa a ƙarƙashin fata da sunan ƙara girma. Kowanne daga cikinsu sabon tabo yake haifarwa, wani ma ruɓewa. Magungunan ƙarfin maza na cikin mota da na bakin kasuwa kuwa, Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana ta sha gargaɗi cewa ana samun wasu da aka cakuɗa da sildenafil, wato sinadarin Viagra, a ɓoye, ba ka san adadin da kake haɗiya ba. In miƙewa ta yi rauni, likita yana iya rubuta tadalafil, maganin ƙarfafa miƙewa, ƙarami na kullum, bayan ya tabbata ba ka shan maganin ciwon zuciya irin wanda ake sa wa ƙarƙashin harshe, domin haɗuwarsu tana faɗar da jini ƙasa warwas. A daidaita suga, a daidaita hawan jini, a ajiye taba.

Saduwa ba haramun ba ce a likitance, sai dai a bi a hankali: a yi amfani da man santsi na kemis, a zaɓi kwanciyar da kai ne kake iko da motsi, in ya zame a tsaya a gyara, in da zafi a haƙura.

Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai matarka ta sani. A ganina nan ne maza suka fi cutar da kansu. Mutum ya ƙaurace wa shimfiɗa ba bayani, ya riƙa daɗewa a wajen shan ataya har sai ta yi barci, ita kuma tana can tana lissafin ko aure zai ƙara, ko ta gundure shi. Magana ce ta minti biyar: "Hajiya, zauna ki ji. Wata larura ce ta same ni, na je asibiti, sun ce tabo ne, ba cutar ɗauka ba ce, ba kuma laifinki ba ne. Ina son ki taya ni haƙuri." Mafi yawan mata abin da za su ce shi ne "Haba Alhaji, shi ne ka ɓoye mini?" In za ta raka ka ganin likita, ya fi. Damuwa mai tsanani tana yawan kama masu wannan cuta. In ka ga barci ya ƙaurace, abinci ya fita ranka, kana gudun mutane, ka faɗa wa likita wannan ma, yana da magani.

Game da rage lanƙwasar ba tare da wuƙa ba, ga gaskiyar abin da ake da shi. Bitamin E, da aka daɗe ana bayarwa, gwaji bai nuna yana miƙar da komai ba. Na'urar bugun tabo da igiyar sauti tana rage zafi, amma ba ta gyara karkata, kada a caje ka da alkawarin haka. Na'urar ja, wadda ake saƙala wa gaba tana miƙar da shi a hankali kullum har tsawon watanni, tana rage lanƙwasa kaɗan, tana kuma taimakawa wajen tsawo, amma sai mai naci, kuma likita ne zai nuna irin da za a saya da yadda ake sawa. Akwai allurai da ake yi a cikin tabon kansa, kamar verapamil. Wadda ta fi suna ita ce Xiaflex, da Amurka ta amince da ita a 2013 ga masu lanƙwasar digiri 30 ko fiye. Takan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na lanƙwasar, tana da tsada ƙwarai, kuma daga baya an daina sayar da ita a Turai. Duk wanda ya ce yana da ita a jaka zai yi maka a shago, ka yi tafiyarka.

Mataki na bakwai: tiyata, ga wanda ya buƙata

Ba kowa ne zai kai nan ba. In zafi ya tafi, lanƙwasar ba ta da yawa, saduwa tana yiwuwa ba tare da cutar da kai ko iyali ba, to barinsa haka ma magani ne. Ana maganar tiyata ne idan cutar ta kai shekara, lanƙwasar ta tsaya cak wata 3 zuwa 6, kuma tana hana saduwa. Hotunan nan na wata-wata a nan suke amfani.

Hanya uku ce. In miƙewa tana da ƙarfi kuma lanƙwasar ba ta wuce digiri 60 ba, ana tattare ɓangaren da ya fi tsawo da ɗinki domin ya yi daidai da mai tabon. Ita ce mafi sauƙi, ba ta cika taɓa ƙarfin miƙewa ba, amma tsawo yana ɗan raguwa, wani kuma yakan ji ƙullin zaren a ƙarƙashin fata. In lanƙwasar ta yi tsanani ko akwai tsukewa a tsakiya, ana tsaga tabon a cike gurbin da wani yanki. Wannan ta fi kiyaye tsawo, sai dai haɗarin raunin miƙewa da dusashewar ji a kan gaba ya fi yawa. In kuwa miƙewar ta riga ta mutu, magani ba ya tayar da ita, kamar yadda yake faruwa ga wanda sandarewar sikila ta ɓata wa naman ciki, sai a dasa roba a ciki. Tana da tsada, kuma ba a komawa baya in an yi, don haka mai ciwon suga sai sugansa ya daidaita kafin a taɓa shi, saboda gudun ƙwayoyin cuta.

Kafin ka sa hannu, ka tambayi likitan: wace hanya ce ta dace da ni kuma me ya sa, tsawo nawa zan rasa, sau nawa ka yi irin wannan aiki, nawa ne kuɗin gaba ɗaya. Ka sani kuma burin aikin shi ne gaban ya miƙe yadda saduwa za ta yiwu, ba a yi maka alkawarin komawa yadda kake kana ɗan shekara 25 ba.

Bayan aiki, kumburi da canjin launi na 'yan makonni ba abin tsoro ba ne. Ana ƙaurace wa saduwa kimanin mako 6, ko yadda likita ya ce, a kuma jinkirta hawa babur da ɗaukar kaya masu nauyi. Ka tambayi nas yadda za ka yi tsarki da wanka ba tare da jiƙa ɗinkin ba. Zazzaɓi, mugunya, wari, zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko kasa fitsari, ka koma asibiti a ranar, kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati.